Tsakuwa ta Goma Sha Biyu

Abu na farko da nake koya wa ɗalibaina game da tsara wasannin waya shi ne, kada a bar sabon ɗan wasa ya sha kaye a mintunansa biyar na farko. Mutumin da aka kayar tun hannunsa bai saba ba, ajiye wayar zai yi, kuma da wuya ya sake buɗe wasan. Saboda haka mai tsarawa yakan ajiye masa abokin karawa mai sauƙi a matakin farko, ya taimake shi ta inda ba zai lura ba, ya bar shi ya tashi yana zaton ƙwarewarsa ce. Shekara shida ina faɗin wannan a gaban allo a Birnin Kebbi, ina da tabbacin cewa a littattafai na same shi.

A shekarar da mahaifina ya rasu na yanke shawarar gina wasa nawa na kaina. Ina bukatar abin da zai cika mini yini bayan an tashi daga aji, domin gidanmu na unguwar Nasarawa ya yi mini faɗi. Ban daɗe ina tunani ba na tsaya a kan carabke, wanda na koya a Gulma, a gidan Gwaggo Laure, yayar mahaifina.

Sana'ar gidan ita ce gumin shinkafa. Mata shida ko bakwai na unguwar sukan taru a tsakar gidan, su jiƙa shinkafa da ɓawonta, su turara ta a manyan tukwane, su shanya. Tsakanin ɗora tukunya da sauke ta akwai jira mai tsawo, kuma a wannan jiran ne suke carabke. A wasu wuraren wasan 'yan mata ne, amma a bayan katangar Gwaggo har masu jikoki suna yi. Akwai ɗan rami a gindin dogon yaro, da tsakuwa goma sha biyu a ciki. Mai wasa takan jefa wata tsakuwar sama, ta janyo na ramin waje, ta cafe. Ta sake jefawa, ta mayar da su duka ban da guda ɗaya, ta cafe. Wadda tsakuwa ta kuɓuce mata sai ta bar wa abokiyarta ta ci gaba da abin da ya rage. A ƙa'idar gidan, wadda ta ɗauki ta ƙarshe ita ta ci wasa, ko da ɗayar ta kwashe sauran duka.

Ina da shekara tara aka kai ni gidan, bayan rasuwar mahaifiyata, na zauna shekara biyu. A makona na farko na ci Gwaggo Laure. Na tuna yadda ta buga cinya ta ce, "Assha, ta kuɓce man!" da yadda matan suka yi guɗa suna cewa an kawo gwana daga birni. Na girma da wannan labari. Na ba da shi a makaranta, na ba da shi a wurin aiki, kuma duk wanda ya tambaye ni dalilin da na zaɓi carabke, shi nake fara ba shi.

Asabar uku a jere na je Gulma ɗaukar bidiyo, domin ina so in auna saurin hannu da tsawon jifa kafin in koya wa kwamfuta. Matan suka yarda, da sharaɗin kada fuskar kowa ta fito. Na kifa turmi, na jingina wayar a kansa ta yadda ba ta ganin komai sai rami da hannuwa. Na ɗauki wasa arba'in da Gwaggo ta buga. Da na koma gida na ƙirga, sai na ga ta ci ashirin da uku, ta faɗi a goma sha bakwai, kuma duk goma sha bakwai ɗin a tsakuwar ƙarshe hannunta ya saki.

Na ji daɗin wannan sakamako ƙwarai. Ga abokiyar karawar matakin farko ta zo mini a shirye, wato tsohuwa mai saurin hannu wadda za ta tsorata ɗan wasa, ta kwashe kusan komai, sannan a ƙarshe ta sakar masa nasara.

Dinatu ce ta yi mini zane. Tana da shagon buga katunan biki a bakin titinmu, kuma hannunta a kwamfuta ya fi na duk ɗalibaina. Na ba ta hoton Gwaggo da na ɗauka a wani suna, da ɗankwalinta ja mai ɗigo-ɗigo da wushiryarta. Matan sun ce kada fuska ta fito a bidiyo. Na gaya wa kaina cewa zane ba bidiyo ba ne.

Dinatu ta kalli bidiyon sau biyu, ta tura tabarau bisa goshi.

"Malama Rukayya, ni fa akwai abin da bai shige ni ba. Wadda ta kwashe goma sha ɗaya kamar kaza na tsintar hatsi, ita ce guda ɗaya zai gagara? Ta ƙarshen ai ita ce mai sauƙi. Ko ni da nake da hannu kamar ludayi zan ɗauke ta."

"Gajiya ce," na ce. "Ta haura saba'in. Hannu yakan yi rawa bayan jifa ashirin da biyu."

"Kullum a wuri ɗaya yake rawar?"

"Alkaluma ne suka nuna, Dinatu."

"To, ke ce mai alkaluma. Ni zane aka ce in yi. In sa mata rawar hannun sosai, ko kaɗan?"

Na ce ta sa sosai, domin ɗan wasa ya gani ya yi dariya. Na kuma yanko muryar Gwaggo daga bidiyon, wannan "Assha, ta kuɓce man!" ɗin, na ɗora a daidai inda tsakuwa ke faɗuwa. Goma sha bakwai cikin arba'in bai ishe ni ba. A cikin wasan na sa ta faɗi kowane lokaci, domin matakin farko ba ya son shakka. Na kira ta a waya na ce ina so in sa ta a cikin aikina. Ta ce, "Yi abin da kika so, ɗiyata, Allah shi yi albarka." Na ɗauki wannan a matsayin izini, alhali na san ba ta san abin da nake nufi ba.

Na fara nuna wasan a Argungu, a wani ɗan baje kolin ayyukan matasa da aka shirya a makon bikin kamun kifi. Tebur ɗaya aka ba ni a ƙarƙashin rumfa. Kafin azahar mutane sun kewaye shi, kuma duk lokacin da tsohuwar ta saki tsakuwa sai wurin ya ɗauki dariya. Wasan ba ya bukatar data, saboda haka aka riƙa tura wa juna shi daga waya zuwa waya. Na koma Birnin Kebbi ina gode wa Allah a kan karɓuwar da ban zata ba.

Sai bayan wata biyu na samu komawa Gulma. Na sauka a bakin kasuwa, na tare ɗan kabu-kabu, na ce ya kai ni gidan Laure mai gumi.

"Gidan Ta-kuɓce-man?" ya ce, yana washe baki. "Hau, Hajiya, yanzu ba wanda bai san gidan ba. Jiya ma sau huɗu na cinye ta."

Na yi murmushi. Wannan murmushin yana cikin abubuwan da nake neman gafara a kansu har yau.

Da na shiga gidan na tarar da tukwane uku a kan wuta, matan suna zaune a inuwa kowacce da tunaninta. A gindin dogon yaro babu rami. An cike shi da ƙasa, an daddale. Gwaggo tana ɗaki. Ta karɓe ni kamar kullum, ta tambayi hanya, ta tambayi aiki, ta sa aka kawo mini tuwon shinkafa da miyar kifi. Da na ce mata na ga an rufe rami, sai ta ce hannunta ne ke ciwo, kuma dama wasan yara ne. Ta mayar da zancen kan tsadar itace.

Balaraba ce ta ja ni gefe. Maƙwabciyar Gwaggo ce ta shekara talatin, ita ke juya shanya. Ta miƙo mini katakon da ake baza shinkafa da shi, ta ce in taya ta, muka koma can ƙarshen tabarmi inda ba mai jin mu.

"Kin san rabonta da kasuwa?" ta ce. "Sati biyar. In ta fito, yara na bin ta suna rawar hannu. Ran nan buhu ya zame mata a bakin injin, ƙattan maza sunka haɗa baki sunka faɗi wannan maganar ta cikin wasanki. Dariya anka yi har da mai injin."

"Ban yi nufin haka ba, Inna Balaraba. Zan gyara. Amma ai abin da na gani na sa. Hannunta yana saki a ta ƙarshe."

Ta tsaya da juya shinkafar, ta dube ni kamar yadda ake duban wanda ya girma bai san hanyar gidansu ba.

"Duk karatun nan, Rukayya? Wagga magana ba a faɗinta. Yau ma don kin kai mu bango ne." Ta rage murya. "Shekarar da na rasa Dikko, ɗana na fari, wata huɗu ina cin Laure kullum. Ni, da ko lemu anka jeho man sai ya bugi hancina. In zo nan ba ni ko iya gaisuwa, ta ja ni bakin rami, ta kwashe sha ɗaya, ta bar man guda. In ɗauka, a yi man guɗa, in koma gida in iya cin tuwo. Na san bari ta yi. Ita ma ta san na sani. Ba wadda ta taɓa ce ma wata komi."

Na ji katakon ya yi mini nauyi a hannu.

"Haka gidan nan yake tun uwayenmu," ta ci gaba. "Wadda zuciyarta ke da nauyi ba a rufe mata rami. Duk muna yi, amma ba wadda ta kai Laure iyawa. Ita in ta saki, rantsuwa za ki yi kuɓcewa ta yi."

"To me ya hana ta faɗa? Ta ce wa mutane da gangan take yi, a daina yi mata dariya."

"Ta ce mi? Ta tara gari ta ce duk wadda ta taɓa cina tausayinta na ji? Mu nawa za ta tsiraita? Gara ta zauna ɗaki." Ta karɓi katakon daga hannuna, domin na daina aiki da shi. "Ke da anka kawo ki, uwarki kwana tara a ƙasa, ba ki magana, ba ki cin abinci. Mi kika zato? Gwanar birni!"

Ban kwana a Gulma ba kamar yadda na shirya. Na yi wa Gwaggo sallama ban iya kallon idonta ba, ita kuwa ta cusa mini ƙullin shinkafa a jaka tana cewa in riƙa cin abinci, na rame.

Washegari bayan la'asar na buɗe bidiyoyin nan goma sha bakwai. A da hannun Gwaggo kawai nake kallo. Wannan karon na kalli hannun da ke ɗaya gefen ramin. A uku daga ciki hannu ne mai tabon ƙuna a wuyansa, na wata mata da na tuna ana raɗa cewa mijinta ya tafi kudu shekara biyu ba labari. A huɗu hannu ne mai lallen da ya fara koɗewa, na wadda ɗiyarta ke kwance asibiti a makonnin. Guda ɗaya na wadda ruwan sama ya jiƙa wa shanya ne a ranar. Ragowar tara hannu ne mai agogo, mai tsabtar wanda ba ya taɓa toka, wato nawa. Wata biyu ke nan da binne mahaifina a lokacin.

Na daɗe ina kallon wannan hannun mai agogo yana ɗaukar tsakuwa ɗaya tilo da alfahari. Sai a lokacin wani abu ya faɗo mini, wanda ya kamata ya faɗo tun ranar da na fara kifa turmi. Mahaifina ƙaninta ne. Ita ta goye shi, ita ta yaye shi da aka haifi na bayansa. A waɗannan Asabar uku, mace mai nauyin zuciya ba ni kaɗai ba ce a bakin ramin, amma a cikin wasa arba'in ban ga inda wani hannu ya bar mata ko guda ba. Ashirin da ukun da ta ci, da ƙarfinta ta ci su, domin ba wadda ke kaiwa ga ta ƙarshe kafin ita.

Na yi alwala, na yi istigfari gwargwadon abin da ya sawwaƙa, sannan na tafi shagon Dinatu. Na ce ta cire fuskar, ta cire ɗankwalin, ta cire rawar hannun, ni kuma zan cire muryar. Ban gaya mata dalili ba, domin ba sirrina ba ne. Ta dube ni ta ƙasan tabarau.

"Ba gajiya ba ce, ko?"

"Ba gajiya ba ce."

"To. Ba zan ce na faɗa ba, tunda fuskarki ta riga ta faɗa mini." Ta jawo kwamfuta. "Amma Malama, kin san sabon kawai za mu gyara. Wanda ya shiga wayoyin mutane ya shiga. Ko ni yana cikin wayar mamata, a coci ma an tura wa mutane."

Na sani. Na yi tunanin in saki bidiyoyin da Gwaggo ta ci, duniya ta ga hannunta. Amma matan don aikina kawai suka yarda a ɗauka, kuma na riga na ci amanar wannan yarda sau ɗaya. Na yi tunanin in rubuta bayani a cikin wasan, sai na tuna tambayar Balaraba. Duk hanyar da na bi daga kan kujerata, sai in ga wani zan sake tsiraitawa. Abin da nake so shi ne Gwaggo ta dawo bakin rami, kuma wannan ba a waya za a yi shi ba.

Ranar Asabar na koma. Na tsaya a bakin ruwa kafin in shiga gari, na tsinci tsakuwa goma sha uku masu santsi. Na isa gidan da hantsi, an ɗora tukwane. Na shiga ɗakin Gwaggo, na durƙusa, na ce na zo neman gafara.

"Ta mi?" ta ce, tana tsince wake a faranti. "Wasa ne ba? Yara sun samu abin dariya. Tashi, kada ki ɓata zanenki."

"Na sa fuskarki ba tare da kin sani ba. Na sa muryarki."

"Muryar ma ba ta yi daɗi ba. Kamar akuya ta shiga rijiya."

Ba ta ɗago ba. Na gane cewa da baki ba za ta bar ni in kai inda nake so ba. Na fita tsakar gida, na ɗauki wata tsohuwar hauya da ke jingine da rumbu, na durƙusa a gindin dogon yaro, na fara tono. Ban taɓa riƙe hauya da kyau ba, ƙasar kuma an daddale ta sosai. Matan suka tsaya suna kallo. Wata ta ce, "Malama, rami anka ce, ba kabari ba," aka yi 'yar dariya. Balaraba ta zo ta gyara bakin da tafin hannunta ba tare da ta dube ni ba. 'Yan matan unguwa da suka ji an ce mai wasan waya ta zo, suka cika ƙofar gida.

Na zuba tsakuwa goma sha biyu a ramin, na riƙe ta jifa, na zauna ina fuskantar ƙofar ɗakinta. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Gwaggo, na zo ki yi da ni da gaske."

Sannan labule ya motsa, ta fito tana gyara ɗaurin ɗankwali, wani shuɗi, ba jan nan ba.

"Da can da wasa nika yi?" ta ce. Matan suka fashe da dariya, ita kuwa ko murmushi ba ta yi ba. Ta zauna, ta miƙe ƙafa ɗaya, ta karɓi tsakuwar daga hannuna, ta auna nauyinta. "Ta bakin ruwa ce. Ba laifi."

Na ɗauki wasa arba'in na hannun nan, na rage gudunsu a kwamfuta, na auna su ɗaya bayan ɗaya, amma ban taɓa ganin abin da na gani a ranar ba. Ba ta kallon tsakuwar da ta jefa. Idonta yana kan tukunyar da ke kusa, tana ma ce wa Balaraba ta ƙara itace, hannun kuwa yana shiga yana fita kamar ba nata ba. Ɗaya, biyu, biyar, takwas. 'Yan matan ƙofa suka matso har suna taka shanya ba wanda ya tsawata musu. Goma. Goma sha ɗaya. Na roƙi Allah a zuciyata ta ɗauke ta ƙarshen, ta cinye ni a gaban kowa, a je a ba da labari a kasuwa.

Ta jefa. Ta kai hannu. Tsakuwar ta taɓa bakin yatsanta, ta yi tsalle, ta gangara wajen ƙafata.

Wannan karon ba ta ce "Assha" ba. Wata yarinya a ƙofa ta fara, "Ta kuɓ..." sai ta haɗa ido da Balaraba, ta haɗiye sauran. Gwaggo ta dube ni, karo na farko tun da na shigo gidan, kuma na fahimci abin da ta gani: mace ce zaune a gabanta da ido kumbure, wadda ta kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. Ƙa'idar gida ba ta canza ba don ni ce na yi laifin. Ta gwammace a sake yi mata dariya da ta rufe mini rami.

Na ɗauki tsakuwar jifa. Guda ɗaya ce ta rage, wadda Dinatu ta ce ko mai hannu kamar ludayi zai ɗauka. Shekara ashirin da biyar ina ɗaukar ta. Na jefa sama, na janyo ta ramin rabin hanya, sannan na bar ta jifar ta faɗi ƙasa. Ko kai hannu ban yi ba. Kowa ya gani.

Gwaggo ta sunkuyo kamar za ta ɗauki tsakuwar, ta yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

"Subhanallahi. Wanga saki ko makaho ya gan shi. Sai kin kai hannu, ɗiyata, ki bari ta taɓa yatsa, ki ji haushi. Kin kunyata mu."

"Zan koya," na ce. Sannan, ni ma a hankali, "Babana ƙaninki ne, Gwaggo. Ba wanda ya bar miki ko ɗaya."

Ta tsaya a sunkuye. Ta daɗe tana kallon tsakuwar nan guda da ke bakin rami, har na zata za ta tashi ta koma ɗaki. Sai ta mayar da ita ciki da ɗan yatsa, ta gyara zama, ta jefa, ta janyo, ta cafe.

Balaraba ce ta fara guɗa, sauran suka ɗauka. Gwaggo ta goge ido da bakin zane tana cewa hayaƙin ɗanyen itace ne, wa ma ya sayo shi. Ta tattara tsakuwan ta zuba a rami, ta kira mai tabon ƙuna ta ce ta zo ta zauna, ni kuma in tashi in ba masu wasa wuri, in je in taya juya shanya tunda abin da na fi iyawa ke nan.

Da yamma na baro Gulma, na shiga motar Birnin Kebbi a tashar Argungu. Wani magidanci da ke kujerar gabana yana buga carabke a wayarsa, tsohon wasan, mai jan ɗankwali. Ya ci, muryar ta fito, ya yi dariya, ya sake farawa. Har muka iso yana yi, ni kuma ban da ikon ce masa komai. Na sunkuyar da kai na saurari muryar sau bakwai ko takwas, ina neman inda zai nuna cewa da gangan ta saki. Ko yanzu da na sani, ban same shi ba.